Gwanintar Gwada Abin Da Sau Ɗaya Tak Yake Aiki

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Maganar gaskiya ce a kan kusan duk abin da ɗan Adam ke ƙerawa, amma akwai wasu kaya da gwajinsu shi ne ajalinsu. Ɗauki tsinken ashana. Ba yadda za ka tabbatar zai kama sai ka ƙyasta shi, in kuwa ka ƙyasta ya kama, to ka sami tabbaci amma ka rasa tsinken. Wanda ya rage a cikin kwali kuwa har yanzu ba ka san halinsa ba. A kan ashana wannan ba abin damuwa ba ne, in ɗaya ya ƙi sai ka zaro wani. Amma akwai na'urori masu irin wannan hali da rayukan mutane suka rataya a kansu, kuma babu damar zaro wani idan na farko ya ƙi. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su ba da shaida a kan abin da ba su gwada ba, kuma shaidar tasu ta zama gaskiya.

Ƙaramin abu mai babban aiki

Na'urorin da ake magana a kansu ƙanana ne, da yawa ba su kai girman ɗan yatsa ba. Ɗan gwangwani ne na ƙarfe da aka rufe ruf, a cikinsa akwai siririyar waya da ɗan garin sinadari mai saurin kamawa. Idan lantarki ya bi ta wayar sai ta yi zafi, garin ya kama, iskar da ta fito ta tunkuɗa wani ɗan sanda ko ta kumbura wani faifai. Ba a yi su don su rusa komai ba. Aikinsu motsi ne guda ɗaya mai ƙarfi, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba: su zare sakata, su yanke igiya, su buɗe bawul, ko su haɗa wata waya da wata.

A fagen soja ana samunsu a cikin fiyus, wato na'urar da ke kan harsashin igwa ko bam ko roka, wadda ita ke tsare makamin kada ya tashi a rumbun ajiya ko a hannun soja, kuma ita ke yanke lokacin da zai tashi bayan an harba shi. Amma 'yan uwansu sun cika duniyar farar hula. Su ne ke kumbura jakar iskar mota idan an yi karo, su ne ke fizgar bel ya matse direba a kujera kafin ya yi gaba. Motocin lantarki na zamani na da irinsu da ke yanke wutar batir a lokacin haɗari. Kujerar da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje idan jirgin zai faɗi da su take aiki, kuma kamfanin Martin-Baker na Ingila ya ƙirga fiye da mutum 7,000 da kujerunsa suka ceta. Kumbon Apollo da ya kai mutane wata yakan ɗauki irin waɗannan na'urori fiye da 200 a tafiya guda. A watan Agusta na 2012, lokacin da motar binciken nan Curiosity ta sauka a duniyar Mas, sai da guda 76 suka tashi bi da bi, kowace a kan lokacinta, cikin kimanin minti 7. Saƙo daga can yakan ɗauki kusan minti 14 kafin ya iso duniyarmu, saboda haka babu injiniyan da zai iya sa hannu. Duk abin da za a yi an riga an gama shi a ɗakin gwaji tun kafin kumbon ya tashi.

Alkawari biyu masu karo da juna

Abin da ya sa sana'ar ta yi wuya shi ne ana neman na'urar ta cika alkawari biyu da ke jan juna. Na farko, duk lokacin da aka umarce ta ta tashi, ko bayan shekara 15 tana kwance cikin zafi da sanyi da jijjiga. Na biyu, kada ta taɓa tashi idan ba a umarce ta ba, ko an yar da ita ƙasa, ko ta gifta gaban na'urar rada, ko wutar jikin mutum ta taɓa ta. Idan maƙeri ya sa ta yi saurin kamawa don ya cika alkawarin farko, ya raunana na biyu. Idan ya sa ta yi taurin kai don ya cika na biyu, ya raunana na farko. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai ɗan fili, kuma aikin mai gwaji shi ne ya auna faɗin filin nan, ya tabbatar kowane zubi da ya fito daga masana'anta yana tsakiyarsa.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka karya kowanne daga ciki. Sojan ruwan Amurka sun shiga Yaƙin Duniya na Biyu da makamin ƙarƙashin ruwa mai suna Mark 14. Kowane guda yana cin kusan dala 10,000 a kuɗin lokacin, saboda haka hukumar da ke kula da makamai ta yi ƙyashin ƙona su a gwaji na gaske. Da yaƙi ya zo sai matuƙa suka riƙa dawowa da koke: sun harba, sun ji ƙarar dukan ƙarfe, amma shiru. Hukumar ta ce laifin masu harbin ne. A ranar 24 ga Yuli 1943 jirgin nutso mai suna Tinosa ya harba guda 15 kan wani ƙaton jirgin Japan, mafi yawansu suka same shi amma suka ƙi tashi. Kyaftin ɗin ya ajiye na ƙarshe ya koma da shi Hawai don a buɗe a gani. Daga nan ne aka yi abin da ya kamata a yi tun shekaru da dama: aka harba wasu kan wani dutse a bakin teku, aka nutsa aka ɗauko wanda ya ƙi tashi, aka kuma riƙa sako kawunan gwaji daga saman ƙugiya kan farantin ƙarfe har aka gano inda cutar take. An shafe kusan shekara biyu ana yaƙi da makamin da ba a gwada ba.

Karya alkawari na biyu ya fi muni. A ranar 29 ga Yuli 1967, a kan jirgin dakon jiragen yaƙi na Amurka mai suna Forrestal, a tekun da ke gefen Biyetnam, wata 'yar tangarɗar lantarki ta sa roka ta tashi daga jikin jirgin da ke tsaye. Ta daki tankin man wani jirgin, wuta ta kama, bama-bamai suka fara fashewa. Mutum 134 suka mutu. Haka kuma, makamin da ya ƙi tashi a ranar yaƙi ba ya mutuwa, jira yake yi. A ƙasar Laos, daga 1964 zuwa 1973, an zuba ƙananan bama-bamai fiye da miliyan 270, kuma an ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 ba su fashe ba. Har yau manoma da yara ne ke biyan wannan bashi. Ko mutum yana ƙin yaƙi iya ƙi, zai yarda cewa makamin da ke tashi a rumbu, da wanda ke kwana a gona shekara 50, sun fi kowane cutar da wanda bai ji ba bai gani ba.

Dubawa ba tare da tayarwa ba

Matakin farko na gwaji shi ne a tambayi kowace na'ura duk abin da za ta iya faɗa ba tare da ta ƙone ba. Wannan ana yi wa kowace guda, ba a tsallake ko ɗaya, kuma a nan ne inji ya fi nuna amfaninsa.

Ana fara da siririyar wayar nan ta ciki. Ana tura mata wutar da ta yi ƙanƙanta ƙwarai, nesa da abin da zai ɗumama ta, a auna yadda take turje wa wutar. Idan awon ya haura abin da aka tsara, wataƙila walda ba ta kama sosai ba. Idan ya gaza, wataƙila wani abu ya taɓa wani a ciki. Sannan a auna ko wuta na yoyo daga waya zuwa jikin gwangwani. Akwai wani gwaji mafi dabara, inda ake ba wayar ɗan bugun wuta na ɗan lokaci a kalli yadda zafinta ke hawa. Wayar da garin sinadari ya rungume ta sosai takan miƙa masa zafin, ta ɗumama a hankali. Wadda ke da rata tsakaninta da garin takan yi zafi da sauri. Ta haka mai gwaji ke gane abin da ke cikin rufaffen gwangwani ba tare da ya buɗe shi ba.

Sai kuma hoto. Hoton eksire na nuna ƙarafan ciki, ko kowane yana mazauninsa. Amma eksire ba ya ganin garin sinadari sosai idan ƙarfe ya kewaye shi, saboda haka a kan kaya masu tsada irin na kumbo akan ƙara da hoton nutiron, wanda ke ratsa ƙarfe amma ya tsaya a kan abubuwa marasa nauyi. Hotunan biyu in an haɗa su sukan nuna ko an manta ba a zuba garin ba, ko an zuba bai cika ba, ko akwai tsaga a cikinsa.

Babban abokin gabar waɗannan na'urori shi ne laima. Ƙofar da ido ba ya gani ta isa ta shigar da danshi a hankali cikin shekaru har garin ya lalace. Don haka ake gwada rufin da iskar hiliyam, wadda ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna bi ta inda ruwa da iskar da muke shaƙa ba za su bi da sauƙi ba. Akan matsa na'urar cikin hiliyam, a fito da ita a sa a wani akwati da aka zuƙe iskarsa, na'urar shinshina ta saurara ko hiliyam na fitowa. In ta ji fiye da ƙima, an yar da wannan guda.

Azabtarwa kafin amincewa

Duk waɗannan ba su amsa babbar tambaya ba, wato ko za ta tashi. Don haka daga kowane zubi akan zari wasu, ba tare da zaɓe ba, a sadaukar da su. Amma kafin a tayar da su sai an gana musu irin azabar da za su sha a rayuwarsu, har da ƙari. Ƙa'idojin gwajin fiyus na sojan Amurka, waɗanda ƙasashe da yawa ke koyi da su, sun tanadi sanyi har digiri 54 ƙasa da sifili da zafi har digiri 71, da zagayen zafi da laima na kwana 28, da jijjiga irin ta mota da jirgin sama, da jefowa daga tsayin mita 12, kwatankwacin abin da zai faru idan kaya suka suɓuce daga ƙugiya a tashar jiragen ruwa. Bayan wannan faɗuwa ba a neman fiyus ya yi aiki, ana neman kada ya tashi, kuma a iya ɗauke shi a zubar lafiya.

Akwai kuma gwajin ƙin tashi. Sananniyar ƙa'ida a harkar kumbo da ta soja ita ce na'urar ta jure amfiya 1 da wat 1 na tsawon minti 5 ba ta kama ba, domin wutar da ta ɓace hanya ko wadda igiyar rediyo ta haifar kada ta tayar da ita. Sai gwajin wutar jiki. Duk wanda ya taɓa ƙofar mota a tsakiyar hunturu ya ji ɗan tsartsi a yatsa ya san wannan wuta. A ɗakin gwaji ana kwaikwayonta da bugun da ya kai bolt 25,000, kuma dole na'urar ta yi shiru.

Daga nan sai tayarwa. Ana ɗaure na'urar a cikin rufaffen akwatin ƙarfe mai kauri, a ba ta umarni, na'urorin awo su rubuta komai: tsawon lokacin da ya wuce tsakanin shigar wuta da fara motsi, ƙarfin iskar da ta fito, nisan da sandan ya tafi, nauyin da ya iya turawa. Duk abin yakan ƙare cikin 'yan kaso na dubu na daƙiƙa guda, amma kwamfuta takan zana shi a matsayin layi mai hawa da sauka. Gwani ba ya tsayawa ga cewa ta tashi. Yakan duba siffar layin. Idan ya yi jinkirin hawa, ko ya yi ƙusumbi a inda ba a saba gani ba, to akwai magana, ko da lambobin suna cikin iyaka.

Lissafin hawa da sauka

A nan ne sana'ar ta koma hannun masu ilimin ƙididdiga, kuma a nan ne ta fi ban sha'awa. A ce kana so ka iya cewa aƙalla 99 cikin kowace 100 za su yi aiki, kuma ka kasance da tabbacin kashi 90 cikin 100 a kan maganarka. Lissafi ya ce sai ka tayar da guda 230 a jere ba tare da ko ɗaya ta ƙi ba. Idan kana neman 999 cikin 1,000 da tabbacin kashi 95, sai ka ƙona kusan 3,000. Ƙa'idar tsaron fiyus kuwa tana neman yiwuwar ya saki kansa tun yana ajiye kada ta wuce 1 cikin miliyan. Babu masana'antar da za ta ƙona miliyoyi don ta tabbatar da haka. Dole a nemi wata hanya.

Hanyar ta fito ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu daga wani ɗakin bincike a Bruceton, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, kuma masana biyu, Wilfrid Dixon da Alexander Mood, suka wallafa lissafinta a 1948. Dabarar ita ce a daina tambayar ko ta tashi ko ba ta tashi ba a mataki guda, a koma neman inda iyakar take. Kowace na'ura tana da nata matakin da in an kai shi za ta kama, sai dai ba za a iya auna shi kai tsaye ba, domin sau ɗaya za a tambaye ta, amsarta kuma i ce ko a'a. Saboda haka sai a ba ta farko wani mataki. In ta tashi, a rage wa ta biyu da taki ɗaya. In ta ƙi, a ƙara wa mai bi mata da taki ɗaya. Haka za a yi ta hawa da sauka, gwajin da kansa yana kewaya tsakiyar iyakar. Da 'yan gomomi kaɗan sai a san matakin da rabi ke tashi, a kuma san yadda 'yan zubin suka bambanta da juna. Daga waɗannan lambobi biyu ake lissafa matakin da kusan duka za su tashi da wanda kusan babu mai tashi, a ga ko akwai isasshiyar rata tsakaninsu da abin da na'urar za ta tarar a bakin aiki.

Hanyar Bruceton ta fi ƙwarewa wajen gano tsakiya fiye da gano bambanci, kuma tana bukatar mai gwaji ya yi kyakkyawan hasashen girman taki tun farko. Wannan ya sa aka ci gaba da gyara. Wani mai suna Langlie ya kawo tasa hanyar a 1962, sannan Barry Neyer ya wallafa wata a 1994 wadda a cikinta kwamfuta ke duba duk sakamakon da ya gabata ta zaɓi matakin da zai fi ba da sabon bayani. Manufar dai ɗaya ce: kowace na'ura da aka ƙona ta faɗi iyakar abin da za ta iya faɗa kafin ta tafi.

Tunanin zarar samfuri daga zubi ma yana da nasa tarihin. Harold Dodge da Harry Romig na ɗakunan binciken Bell ne suka shimfiɗa shi, sojan Amurka suka rungume shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda dalili mai sauƙi: in an gwada kowane harsashi babu abin da zai rage a kai fagen daga, in kuma ba a gwada ko ɗaya ba an tura mutane da abin da ba a sani ba. Idan samfurin ya faɗi, zubin gaba ɗaya ya faɗi, ko guda dubu nawa ne. Ba a tsince masu kyau a sayar.

Abin da inji ya ƙara

A da mutum ne ke ɗaukar kowace guda da hannu, ya maƙala mata waya, ya karanta allura, ya rubuta a littafi. A yau a manyan masana'antu, musamman na jakar iskar mota inda ake ƙera miliyoyi, hannun inji ne ke ɗauka daga faranti ya ɗora a kan teburi mai juyawa. A tasha ta farko kyamara ta duba siffa, a ta biyu a auna waya, a ta uku a auna yoyon wuta, haka har ƙarshe. Wadda ta faɗi a kowace tasha sai ta zame cikin akwati mai kulle, inda ba mai iya mayar da ita cikin masu kyau bisa kuskure.

Riba ta farko ita ce an janye mutum daga bakin haɗari. Yana bayan garkuwar ƙarfe da gilashi mai kauri, sanye da tufafin auduga da takalmi mai zubar da wutar jiki zuwa ƙasa, da igiya a wuyan hannu mai yin wannan aiki. Ana daidaita laimar ɗakin don kada iska ta bushe, ba a shiga da wayar hannu, kuma ba a tara kaya da yawa a wuri guda. Riba ta biyu ita ce inji ba ya gajiya. Awon da ya yi da asuba shi zai yi da la'asar. Ta uku, wadda ta fi duka, ita ce tunawa. Kowace na'ura na da lambarta, kuma a ƙarƙashin lambar an adana ranar da aka yi ta, da injin da ya yi ta, da zubin garin da aka zuba mata, da duk awon da aka yi mata. Idan bayan shekara 10 aka sami matsala a guda, za a iya gano 'yan uwanta duk inda suke.

Tarin lambobin nan kuma yakan yi gargaɗi tun kafin a fara faɗuwa. Tun 1924 Walter Shewhart ya nuna cewa idan aka jera awo a kan taswira bi da bi, za a ga lokacin da aiki ya fara karkata ko da kowane guda yana cikin iyaka. Idan awon waya ya yi ta hawa kaɗan-kaɗan tun safe, to bakin injin walda ya fara cinyewa, sai a tsayar a gyara kafin a ɓata ko ɗaya. Shi kansa injin gwajin ba a sakar masa. A farkon kowane aiki akan cusa masa wasu samfura da aka san lalatattu ne da gangan. In ya bar ɗaya ta wuce, an rufe layin, kuma duk abin da ya wuce ta hannunsa tun gwajin baya sai an sake dubawa. Daga kowane zubi kuma akan ajiye wasu a rumbu, a riƙa fito da su bayan shekaru ana tayarwa, don a san yadda tsufa ke cin 'yan uwansu da ke waje.

Inda inji ba ya kaiwa

Duk da wannan, akwai abin da babu injin da zai maye gurbinsa, shi ne amanar wanda ke riƙe da sakamakon. Kamfanin Takata na Japan ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitiret wajen kumbura jakar iska. Shekaru na zafi da laima sukan sauya halin sinadarin, ya riƙa ci da sauri fiye da ƙima, har ya fasa gwangwanin ya watsa ƙarfe a fuskar direba. Gwaje-gwajen kamfanin sun nuna alamun matsala, amma aka gyara lambobin kafin a miƙa wa masu ƙera motoci. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2017 kamfanin ya amsa laifin zamba a gaban kotun Amurka, aka ɗora masa dala biliyan 1, kuma a watan Yuni na shekarar ya durƙushe. An yi kiranyen jakunkunan iska kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, inda fiye da mutum 25 suka rasa rayukansu. Injinan awo sun yi aikinsu, mutane ne suka ci amana.

Wannan bai rage darajar sana'ar ba, ya ma nuna nauyinta. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa jakar iska ta gaba ta ceci fiye da mutum 50,000 tsakanin 1987 da 2017. Babu ɗaya daga cikin jakunkunan nan da aka taɓa tayarwa kafin ranar da aka bukace ta. Kowace ta yi aiki ne bisa shaidar 'yan uwanta da aka ƙona, da lissafin wanda ya ƙona su, da gaskiyar wanda ya sa hannu a takarda. Mai wannan sana'a ba a sanin sunansa idan ya yi daidai, kuma babban abin da ake nema a wurinsa shi ne ƙarfin halin cewa zubin nan bai wuce ba, alhali manaja na tsaye, mota na jiran lodi.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Da yawa daga motocin da ke kan titunan Kano da Kaduna da Maraɗi 'yan Kwatano ne da suka fito daga Amurka da Turai, kuma takardar kiranye ba ta bin mota ta ƙetare teku. Mai mota zai iya shigar da lambar chasis, mai haruffa da lambobi 17, a shafin kamfanin da ya ƙera ta don ya ga ko akwai kiranyen da ba a cika ba. Fitilar jakar iska da ke kamawa a gaban direba ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi ita ma gwaji ce, kwamfutar mota ce ke auna siririyar wayar nan duk lokacin da aka tayar. Idan ta ƙi mutuwa, a kai wa wanda ya san aikin, kada a yarda a cire ƙwan ko a liƙe shi. Wanda kuma ya tsinci wani baƙon ƙarfe mai kama da harsashi ko bam a gona ko a daji, musamman a yankunan da aka yi rikici, kada ya taɓa, kada ya kai wa 'yan gwangwan. Ya yi nesa da shi, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da jami'an tsaro.